Albarushin da Ba a Shinshina Ba

Asabar, 1 ga Oktoba, 1994

Sanyi ya fara saukowa daga duwatsu. Yau na buɗe ɗakin ɗurin harsashi, karo na farko tun da muka binne matata Ardith a watan Afrilu. Komai yana nan yadda na bar shi, injin matsa harsashi, sikeli, ƙwansunan harsashin da na wanke bara. Sai gizo-gizo da ya samu gidan haya kyauta.

'Yata Corinne ta bugo waya da safe. Ta samu takardar izinin harbin elk, babbar barewar dutsen nan, kuma wai da bindigar uwarta za ta hau dutse bana. "Baba, harsasanka nake so, ba na son na kanti." Na ce to. Me zan ce? Tun tana yarinya ba ta taɓa harba harsashin da ba hannuna ne ya ɗura ba. Da ta sayi na kanti ma ai ni ne zan fara fushi.

Lahadi, 2 ga Oktoba

Na sauko da gwangwanin albarushin. Shi ne na ƙarshe.

Na soja ne, ragowar yaƙin duniya, wanda aka rasa yadda za a yi da shi aka kaɗar da shi a arha. Shekarar da muka yi aure na saye shi, ana ɗebowa daga durom ana zubawa a jakar takarda kamar gari. Na cika bayan mota. Ardith ta leƙa ta ce, "Orval, wannan abin sai ya binne mu duka biyu." Ita dai ya binne ta.

Tsohon albarushi ba ya nuna wa ido lalacewarsa sai ta yi nisa. Hanci ne yake fara sani. Mai kyau yana da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, wanda ya juya kuwa wari yake, mai tsami, mai hawa kai. Duk mai ɗurin harsashi a nan jihar Montana ya san wannan. Kowace kaka nakan ɗauki gwangwani in kai mata kicin. Ta goge hannu a gaban riga, ta karkata kai gefe, ta rufe ido ɗaya, ta shaƙa. Sai ta ce, "Lafiyarsa lau. Fitar min da shi daga kicin." Corinne ta taso tana gani tana dariya, ta ɗauka wasan tsofaffi ne.

Ba wasa ba ne. Tun ranar da doki ya maka kaina da turken shinge, Corinne tana firamare, hancina ya mutu. Ba kofi, ba taki, ba hayaƙi. Ardith kaɗai ta sani. A kwarin nan kuwa har gobe Mai Hanci ake kirana, don a da nakan ji warin elk a cikin itatuwa kafin wani ya gan shi. Bayan faɗuwar sai na koma karanta sawu da iska, ina ɗaga kai ina taɓa hanci, sunan ya ci gaba da tafiya.

Na tsaya a kicin da gwangwani a hannu kamar wawa. Na sa hanci, ba komai, kamar yadda na sani. Na zuba kaɗan a farar takarda. Baƙi ne, a warwatse, bai dunƙule ba. Bara lafiyarsa lau. Shekara ɗaya me za ta yi wa abin da ya kusa hamsin?

Talata, 4 ga Oktoba

Na ɗura mata akwati guda, na ajiye 'yan kaɗan a kan benci. Kowane ɗaya sai da na auna shi a sikeli, ban yarda da ido ba. Hannu bai manta ba. Sun yi kyau, a jere suna ƙyalli. Rabon da in ji ni mutum ne mai amfani tun kafin a kwantar da Ardith a asibiti.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Barci ya ƙi. Ƙugun nan ne, ba wani abu ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Corinne da mijinta Dwight sun biyo bayan coci. Dwight yaron kirki ne, sai dai harsashin kanti yake harbawa, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Ta zo da burodin kirfa irin na uwarta, da ɗuminsa. "Baba, ka ji ƙamshi?" Na ce tun daga bakin ƙofa. Abin da na saba ce wa Ardith ke nan in da baƙi a gida.

Na miƙa mata akwatin. Ta buɗe, ta shafa su da yatsa, ta ce, "To bana wa ya yi maka aikin Mama?" Dariya take yi, idonta ya kawo ruwa. Na ce kyanwa. Duka muka yi dariya, har Dwight.

Ta ce da ragowar na bara za ta gyara saitin bindiga, waɗannan ba za ta taɓa su ba sai ta ga elk. Na ji sanyi a raina da ta faɗi haka, sannan na tambayi kaina sanyin mene ne.

Laraba, 12 ga Oktoba

Na je mayar da gwangwanin bisa katako, murfin ya kife a hannuna. Cikinsa duk tsatsa. Ranar Lahadin can ban duba cikin murfi ba. Na ɗauko mazurarin da na yi aiki da shi, akwai wata 'yar ƙura ja-ja a wuyansa.

Ƙila tsatsar murfin ce ta zuba. Gwangwani ai ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tsatsa.

Amma na tuna wani abu. Duk watan Mayu Ardith takan dame ni sai na kwashe gwangwanayen na kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi. "Orval, zafi ya zo, kayan wutarka." Bana babu wanda ya dame ni. Gwangwanin ya yi bazara guda a ƙarƙashin rufin kwano, ƙofa a kulle, kuma zafin bana kowa ya shaida shi.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Harlan Bixby, maƙwabcina tun muna samari, ya zo aron zarto. Ya biyo ni har ɗakin ɗuri ba wanda ya gayyace shi, halinsa ne. Yana shiga ya ja da baya yana murza hanci.

"Kai Mai Hanci, me ya mutu a nan? Ko kyanwarka ce ta mai da bayan benci masai?"

Na ce kyanwa ce.

"Kuma kai da wannan hancin naka kake zaune a ciki? Lallai tsufa ya kama ka. Ni har idona yaji yake."

Na ce ya ɗauki zarton ya ba ni wuri, in yana son ƙamshi ya tafi kantin turare. Ya tafi yana dariya.

Da ya fita sai na zauna a kan kujera. Kyanwar nan rabonta da shiga ɗakin tun bazara. Ko na bar ƙofa a buɗe, a bakin ƙofa take tsayawa.

Asabar, 15 ga Oktoba

Na buga wa Corinne waya. Mun yi maganar takalman dawaki da tayar tirela. Na ajiye.

Litinin, 17 ga Oktoba

Tun safe nake gardama da kaina, har na ƙona ƙwai.

Wasu suna cewa albarushin da ya juya rauni kawai yake yi, a harba ya faɗi kusa. In haka ne, iyakaci ta rasa elk, ta zage ni a zuci. Amma ni na san ba a yi masa alƙawari. Wani ya yi sanyi, wani ya haukace, kuma tsamin yana cin ƙwanso daga ciki inda ba a gani. In ƙwanso ya fashe, wutar baya take dawowa. A bayan kuwa me ke akwai in ba fuskar mai harbi ba.

Corinne tana manna kunci sosai a gindin bindiga. Ni na koya mata haka.

To in ce mata me? Dawo da akwatin? Za ta ce don me. In ce albarushin ya lalace, za ta ce ba ka shinshina ba? Ka ga an zo wurin. Ina jin tsoro, gaskiya ke nan, kuma ban san wanne tsoron ya fi girma ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya.

Laraba, 19 ga Oktoba

Sai Asabar su Corinne za su hau dutse, ranar Lahadi ake buɗe farauta. Akwai lokaci. Gobe zan gwada waɗanda na ajiye. In sun yi daidai, shi ke nan, na tayar wa kaina hankali a banza.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Sun tafi yau.

Ina shan kofi na ji hon ɗin mota a bakin titi, ga su da tirelar dawaki. Wai rediyo ya ce dusar ƙanƙara tana tafe, gara su kafa tanti kafin ta sauka. Na fita da silifas. Na tsaya a tagar motar, na ga akwatin a tsakanin kujeru kusa da safar hannunta. Hannuna bai fi taƙi ɗaya da shi ba.

"Baba, lafiya? Ka yi wani iri."

Na ce ƙugu ne. Na ce ta kula da kanta. Dwight ya ɗaga min hannu.

Ardith, da kina nan da kin jefe ni da ludayi.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Na gwada su yadda tsofaffi suke yi. Na ɗaure bindigata a kan tsohuwar taya a bayan rumbu, irin ta Ardith ce, harsashi iri ɗaya suke ci. Na ɗaura doguwar igiya a kunamar bindigar. Ban san me ya sa ba, na tsinko kabewa daga lambun Ardith, cikin waɗanda suka fito da kansu bana, na dasa ta a gindin bindigar daidai inda kunci yake kwanciya. Na laɓe bayan tarakta na ja.

Na farko lafiya lau. Har na fara zagin kaina da Harlan da kyanwa. Na biyu ya yi wata ƙara marar ƙarfi. Na uku kuwa ban taɓa jin irin ƙararsa ba, kuma hayaƙin ta baya ya fito.

Sakatar bindigar ta ƙi buɗuwa. Katakon ya tsage. Kabewar ta yi baƙi a gefe guda, gutsattsarin tagulla sun nutse a cikinta, ɗaya ya shige har ban ga ƙarshensa ba. Na sa yatsa a ramin. Daidai wurin ido.

Ban kulle gida ba. Na sami Harlan yana faskare, na ajiye masa kabewar a kan kututture, na faɗa masa. Ya ce ai da ka shinshina. Na ce, "Harlan, ba na jin wari."

"Tun yaushe?"

"Tun doki."

Ya daɗe yana kallona da gatari a hannu. "Wato duk shekarun nan da kake ɗaga kai kana taɓa hanci muna bin ka a baya kamar tumaki, ƙarya kake shara mana, tsohon banza?" Na ce elk ɗin dai kun ci. Ya sake duban kabewar, dariyar ta tsaya masa. "Je ka ɗauko takalmanka. Da motata za mu, taka ba za ta hau ba."

Babu waya a can kan dutsen. Sansanin farautarsu kuwa na san shi, ni na fara kafa shi. Dusar ƙanƙara ta fara sauka da yamma, sai da safe.

Asabar, 22 ga Oktoba

A gidan wata mai kiwon shanu nake rubuta wannan, a gindin dutsen. A-kori-kurar Harlan ta zame ta faɗa rami, muka ɓata yini muna tono. Ita ta zo da tarakta ta fitar da mu, rana ta riga ta karkata. Ta ce za ta ba mu aron dawaki amma sai gari ya waye. Na ce yanzu. Ta ce, "Baba, ba zan tura tsofaffi biyu kan dutse da yamma ba, gobe in hau neman gawa uku, har da ta 'yarka." Na ɗaga mata murya a cikin gidanta. Harlan ya ba ta haƙuri a madadina.

Ta yi mana miyar nama, na kasa ci. Da fitowar rana ake buɗe farauta, mu kuma da fitowar rana za mu fara hawa. Na yi addu'a, abin da ban yi ba tun Afrilu. Ban roƙi komai ba sai kada ta ga elk.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Idanun Corinne biyu suna nan. Sauran gobe zan rubuta.

Litinin, 24 ga Oktoba

Mun kai rabin hanya muka ji harbi. Ɗaya tak, daga wajen kwazazzabon da na san takan zauna. Na rungume wuyan dokin. Harlan yana cewa ƙarar lafiyayya ce, ƙarar lafiyayya ce, na ce ya yi min shiru, na farkon nawa ma lafiyayye ne.

Sansani ba kowa. Na yi ta kiran sunanta har muryata ta dishe, na kore wa kowa elk ɗin dutsen. Dwight ne ya fara fitowa, hannu duk jini, na kusa faɗuwa. Ashe nasa harbin ne, ya kayar da elk da harsashinsa na kanti. Ban taɓa ƙaunar harsashin kanti kamar jiya ba.

Sai wajen tsakar rana ta sauko, bindigar uwarta a kafaɗa. Ta gan ni ta tsaya cak. "Baba? Wa ya rasu?" Ban gaishe ta ba. Na zare bindigar daga kafaɗarta na zazzage harsasan a kan dusar ƙanƙara. Akwai ɗaya a ciki, a shirye.

Ta ce da safe ta ga wani babban namiji, ta sa shi a saiti, yatsanta yana kan kunama, sai ya shige bayan itatuwa. Tana faɗa tana jin haushi. Ni kuwa na nemi kututture na zauna.

Na karɓi filaya a hannun Harlan na cire kan harsashi ɗaya, na ce ta buɗe tafin hannu, na zuba mata albarushin. Na ce shinshina. Ta karkata kai gefe, ta rufe ido ɗaya. Ba wanda ya koya mata. Sai na kau da kai.

Ta yi tari, ta watsar. "Baba, ba ka ji wannan ba?"

Na faɗa mata, a gaban mijinta. Doki, turke, kicin, duka.

Ta ce, "Burodin Mama fa? Duk Lahadin nan da kake cewa tun daga bakin ƙofa?" Na ce ban taɓa ji ba. "Nawa na rannan ma?" Na ce shi ma.

Na ɗauka kuka za ta yi. Ba ta yi ba. Harlan, wanda bakinsa ba ya riƙe komai, ya riga ya ciro kabewar daga jakar sirdi, ashe ya taho da ita. Ta juya ta a hannu, ta sa yatsa a ramin kamar yadda na yi.

"Ranar Alhamis ka tsaya a tagar mota. Ka sani a lokacin?"

Na ce ina zargi.

"Ka gwammace in hau da su da a ce hancinka ya mutu."

Ba tambaya ba ce. Ba ta sake yi min magana ba har muka sauko. Dwight ne ya ɗora ni a kan doki, ya ƙulle min harsasan a cikin safa, ya ce, "Baba, a sauka lafiya." Ita tana can tana harbin kututture da harsasansa, tana sake saiti.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Na cire kawunan harsasan duka. Wasu ƙwansunan sun yi kore a ciki. Na watsa albarushin siriri-siriri a lambun Ardith na bi shi da ruwa, haka ake yi, taki yake zama. Na ɗauraye gwangwanin na jefa a shara, sannan na koma na ciro shi. Yana kan katako, babu komai a ciki.

Harlan ya dawo da zarto. Daga bakin shinge yake kira, "Mai Hanci! Fito ka faɗa mana ko za a yi ruwa." Duk kwarin ya ji labari, na sani. Ban mutu ba.

Waya ba ta yi ƙara ba.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Sun sauko tun Juma'a, a bakin Harlan na ji. Ba ta samu elk ba.

Jiya na shiga gari sayen ƙusa, na ga gwangwanin albarushi sabo a kanti, na saya. Yau bayan coci hanya ta biyo da ni ta ƙofar gidansu. Dwight ya buɗe min, ya dubi abin da ke hannuna, ya ce yana da aiki a gareji.

Tana kicin, ta ba ni baya. Na tsaya. Na daɗe a tsaye, har na fara tunanin juyawa. Sai ta juyo, ta dubi gwangwanin, ta dube ni. Ta goge hannu a gaban riga. Na buɗe murfin.

"Lafiyarsa lau," ta ce.

Ban motsa ba. Ita ma ta san abin da nake jira, ta bar ni na jira.

"Fitar min da shi daga kicin."

Na kai shi mota na dawo. Akwai burodi a tanda. Bakina ya buɗe zai faɗi abin da ya saba, na rufe shi. Na ce, "Yaya ƙamshinsa yake?" Ta ce kirfa ce da man shanu, da ɗan ƙauri, don ta manta shi tana kallona. Ta ce na Mama ma haka yake yi, kullum sai gindinsa ya ɗan ƙone. Ban taɓa sani ba.

Sabon albarushi ba ya buƙatar hancin kowa, wannan ko Dwight ya sani. Hanya ce kawai ta biyo da ni. Ta ce a watan Mayu za ta bugo waya ta dame ni a kan ɗakin ƙasa, na ce ba sai ta wahalar da kanta ba. Na dai faɗa mata farkon wata ya fi.